Babbar Mota Ko Tana Tsaye Ci Take Yi: Jagorar Lissafin Kuɗi da Inshora Ga Mai Shirin Saye

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini ta bakin mutane daban-daban. Wani ya tara ɗan abin hannunsa, wani ya gaji da jan motar wani yana son tasa ta kansa, wani kuma gado ya samu yana neman inda zai juya shi. Duk abin da suke cewa shi ne, "Idan na sayi babbar mota, nawa za ta riƙa kawo mini?" Ni kuma sai in tambaye su nawa za ta riƙa ci, domin wanda bai san cinta ba babu yadda zai san ribarta. Tirela ce ko tifa ko tanka, ko tana fake a gareji wa'adin inshorarta na tafiya, takardunta na tsufa, direba na jiran albashi, darajarta kuma na zaizayewa a hankali.

Ga matakan nan a jere, kuma a bi su a jeren. Yawancin waɗanda suka ƙone hannu daga mataki na uku suka faro, suka sayi mota tukuna sannan suka shiga neman kaya da inshora. Alƙaluman da zan yi misali da su ba na kuɗin wata ƙasa ba ne, ka cire su ka sa naka.

1. Samo kaya kafin mota

Kaya ne ke zaɓen mota. Mai dakon yashi da tsakuwa tifa yake buƙata, mai dakon kwantena kai, wato gaban tirela mai injin, da shimfiɗaɗɗen bodi, mai dakon mai tanka. Ka zauna da masu kaya biyu ko uku ka tambaye su irin kayan, tan nawa, daga ina zuwa ina, sau nawa a wata, sannan ka yi musu tambayar da kowa ke jin nauyin yi: yaushe kuke biya? Manyan kamfanoni da yawa sai bayan kwana 30 ko 60 da sauke kaya suke sakin kuɗi, alhali gidan mai kuɗi hannu yake karɓa.

Ka kuma binciki abin da ake ɗaukowa a dawowa. Hanyar da ake zuwa da lodi a dawo wayam rabin hanya ce.

Gargaɗi: alƙawarin baki na mutum ɗaya bai isa a sayi mota a kansa ba. Ranar da ya sami mai yi masa araha, kai da motarka za ku zauna kuna kallon juna.

2. Ji kuɗin inshora tun ba ka biya kuɗin motar ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar ka tsayar da irin motar da kake so, ka je wa dillalin inshora da bayanan nan: samfurinta, shekarar ƙira, nauyin da aka yarje mata, irin kayan, hanyar da za ta bi, inda za ta riƙa kwana, shekarun direba da tsawon lokacin da ya yi da lasin babbar mota. Ka karɓo farashi daga kamfanoni uku aƙalla, a rubuce.

Dalilin wannan gaggawa shi ne sabon shiga ya fi kowa shan tsada, tunda ba shi da tarihin da za a duba. Wasu kamfanonin ba sa yi wa motar da ta haura wasu shekaru cikakkiyar inshora, wato mai haɗawa da motar kanta, ko nawa za ka biya, wasu kuma da sun ji tankar mai ko kaya masu kama wuta sai su janye. Gara ka ji haka kuɗinka na aljihunka.

Ka bambance dillali da wakili. Wakili na kamfani ɗaya ne, hajar ubangidansa yake talla. Dillali yana zagaya kamfanoni da yawa a madadinka. Ko wanne ka zaɓa, ka duba sunansa da na kamfanin a rajistar hukumar da ke kula da inshora a ƙasarka. Takardar bogi tana wuce shingen hanya lafiya lau, sai ranar hatsari asirinta ke tonuwa.

3. Duba motar da sanyin safiya

Idan ta hannu za ka saya, ka tafi da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, kuma ku isa kafin a tayar da ita. Ka fara ɗora tafin hannu a jikin injin. Idan ka ji ɗumi, an riga ku ɗumama ta don ta ɓoye wahalar tashi, sai ku dawo gobe. Ta tashi, ka tsaya bayan salansa: shuɗin hayaƙi baƙin mai take ƙonawa, baƙi wuluk matsalar nozul ce ko iska, fari mai kauri da ya ƙi yankewa kuwa sau da yawa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai injin na aiki. Idan yana fesar da hayaƙi kamar bakin tukunya, garambawul na nan tafe. Ka zaro sandar awon mai, idan ka ga ya yi fari-fari ya haɗu da ruwa.

Sannan ka shimfiɗa kwali ka kwanta ƙarƙashinta da tocila. Ka bi ƙarfen shasi daga gaba zuwa baya kana neman tsaga ko walda, musamman inda sabon fenti ya fito fes a tsakiyar tsohon ƙarfe. Ka bari tankin iska ya cika, a kashe injin, a taka birki a riƙe, ku kasa kunne ku kuma kalli allurar. Idan tana sauka da sauri akwai yoyo. A gefen kowace taya akwai jerin lambobi da ya fara da DOT, huɗun ƙarshensa ke nuna mako da shekarar ƙira, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Agogon kilomita kuwa kada ka ba shi amana, ana juya shi. A sa kwamfuta a karanto awannin da injin ya yi.

Takardu: lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 a motocin zamani, dole ta yi daidai da ta jikin takarda harafi da harafi. Ka tabbatar babu bashin banki a kanta, kuma idan shigo da ita aka yi an biya kwastam.

Game da samfuri, ko MAN ce ko DAF ko Scania ko Mercedes ko Volvo ko HOWO, wadda ta fi maka ita ce wadda za ka sami kayan gyaranta da makanikenta a kan hanyar da za ka bi. Motocin Turai na baya-bayan nan, masu matakin Euro 6, suna shan wani ruwa mai suna AdBlue baya ga dizal, kuma matatar hayaƙinsu na toshewa idan man yana da datti ko sinadarin salfa mai yawa. Idan ba ka da tabbacin mai mai tsabta, motar da ta fi kyau a ido ita za ta fi zama a gareji.

Gargaɗi: kada ka zuba duk jarinka a saye. Ka bar abin da zai riƙe motar wata uku ko da ba a biya ka ko sau ɗaya ba, da kuma kuɗin babban gyara guda.

4. Fitar da abin da kowace kilomita ke ci

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutane suka fi ƙyuya. Ka samo littafi ka raba shafi gida biyu.

Gida na farko na kuɗaɗen da ba ruwansu da tafiya ne: inshora, sabunta takardu da izinin dako, albashin direba da yaron mota, kuɗin wurin fakawa, na'urar bin diddigi, biyan bashi idan akwai, da zaizayar daraja. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa saboda babu mai zuwa karɓarsa da rasit. Lissafinsa mai sauƙi ne. A ce ka sayi mota a kan 100, kana sa ran sayar da ita 40 bayan shekara biyar. Ta cinye 60 ke nan, 12 a shekara, 1 a kowane wata. Idan ba ka ware wannan 1 ɗin ba, bayan shekara biyar za ka wayi gari da tsohuwar mota babu kuɗin canza ta.

Gida na biyu na masu bin kilomita ne: dizal, tayoyi, baƙin mai da filtoci, birki da kuloci, kuɗin hanya, alawus ɗin direba, kamashon wanda ya haɗa ka da kaya.

Dizal ne babba a cikinsu. Tirela da cikakken lodi a hanya mai kyau takan sha tsakanin lita 30 zuwa 40 a kowace kilomita 100, hawa da ramuka da obalodi kuma su ƙara. Amma ga inda lissafi ke yaudara. A ce tafiyar kilomita 1,000 ce, ta sha lita 350 a zuwa, ta dawo babu kaya ta sha 250. Mai kaya kilomita 1,000 ya biya, kai kuma lita 600 ka ƙona. Ashe shanta na gaskiya lita 60 ne a kowace kilomita 100 da aka biya. Da wannan adadin za ka yi ciniki. Ka kuma sani injin da aka bari yana aiki a tsaye yakan sha wajen lita 3 a awa, don haka direban da ya kwana da injin a kunne ya ƙona lita 30 bai motsa ko taku ɗaya ba.

Tayoyi: kai mai aksil uku yana da taya 10, bodi mai aksil biyu 8, mai uku mai tagwayen tayoyi 12. Ka ninka farashin taya da yawansu, ka raba da kilomitocin da suke yi kafin su ƙare. A ce saitin 18 ya tashi 9,000 kuma yana yin kilomita 90,000, kowace kilomita 10 tana cin 1 ke nan. Taya ba ranar da ta fashe ta ci kuɗinka ba, tun daga ranar da aka ɗaura ta take ci. Ƙarancin iska yana cinye ta da wuri ya kuma ƙara shan mai, shi ya sa ma'aunin iska, duk ƙanƙantarsa, ya fi kowane kayan aiki a motar mayar da kuɗinsa.

Yanzu ka haɗa gidajen biyu. A ce gida na farko ya tashi 120,000 a shekara. Idan motar ta yi kilomita 60,000 masu kuɗi, kowace kilomita na ɗauke da 2. Idan gyara da jiran lodi da layin sauke kaya suka sa 30,000 kawai ta yi, ya zama 4. Mota ɗaya, direba ɗaya, amma nauyin ya ninka. Ka ɗora na gida na biyu a kai, abin da ya fito shi ne ƙasan farashinka. Duk dakon da ya gaza haka, kai kake biyan mai kaya ladan ɗaukar masa kaya.

Gargaɗi: kada ka lissafa kwana 365. Ka cire ranakun gyara, na jira da na hutu tun a takarda, kafin su cire kansu.

5. Buɗe wa motar asusunta

Kuɗin da direba ya miƙo maka bayan tafiya yawancinsu na motar ne, kai ajiya aka ba ka. Ka buɗe mata asusu daban da na gida. Kowace tafiya ka fara cire na taya, na gyara, na inshorar baɗi da na zaizayar daraja bisa kilomitocin da aka yi. Abin da ya rage shi ne naka. Da farko za ka ga ya yi kaɗan har ranka ya ɓaci, amma shi ne gaskiyar.

6. Idan da bashi za ka saya

Ka tambayi jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, kada a tsayar da kai a kan na wata-wata. Ka tambayi abin da zai faru idan ka yi jinkirin wata ɗaya ko biyu, da kuma sunan wa motar za ta ɗauka kafin a gama biya. Kusan duk mai ba da bashi zai tilasta maka cikakkiyar inshora, a kuma rubuta sunansa a matsayin wanda za a fara biya. Idan motar ta ƙone ƙurmus, kamfanin inshora darajarta ta kasuwa a ranar zai biya, wadda tana iya gaza ragowar bashin, cikon kuma a wuyanka yake. A wasu ƙasashe akwai ƙarin inshora mai cike wannan giɓi, ka tambaya.

7. San hawa-hawan inshora

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ce "motata tana da inshora" yana zaton takarda ɗaya ta rufe komai. Abu huɗu ne daban-daban.

Na farko inshorar haƙƙin wasu, wadda doka ta wajabta a kusan kowace ƙasa. Tana biyan ran da aka rasa, raunin da aka ji da dukiyar da motarka ta ɓarnata ta wasu. Ba ta biyan ko madubin motarka. Abin dubawa a nan shi ne iyakar abin da za ta biya. A Birtaniya ba a sa iyaka ga diyyar rai da rauni ba. A Amurka mafi ƙarancin da dokar tarayya ta ɗora wa mai dakon kaya tsakanin jihohi dala 750,000 ne, wasu kaya masu haɗari kuma har dala miliyan 5, kuma masu kaya da yawa ba sa ba ka lodi sai ka nuna ta dala miliyan 1. A wasu ƙasashen iyakar ɓarnar dukiya ƙarama ce ƙwarai, ba za ta gyara ƙaramar mota ɗaya mai tsada ba, balle tirela ta kwashi biyar ta ƙarasa cikin shago. Abin da ya haura iyaka daga aljihunka zai fito. A ra'ayina, idan kuɗinka bai isa komai ba, ɗaga wannan iyakar ya fi cancanta da shi. Asarar mota tana da ƙarshe, ita ce darajar motar. Ɓarnar da za ta iya yi wa wasu ba ta da shi.

Na biyu cikakkiyar inshora, mai haɗawa da motarka kanta: karo, kifewa, gobara, sata. Ka tabbatar an rubuta kai da bodi duka, kowanne da lambarsa da darajarsa. Idan kana jan bodin wani, ka faɗa, domin ba lallai ne ta rufe shi ba.

Na uku inshorar lodi. Cikakkiyar inshorar mota ba ta biyan buhu ko ɗaya na kayan da ke bayanta. Kuma ita ma iri biyu ce: wadda ke biyan darajar kayan, da wadda ke biyan abin da doka ta ɗora maka kawai a matsayinka na mai dako. A ƙasashen da ke bin yarjejeniyar CMR ta 1956 kan dako tsakanin ƙasashe da gyaranta na 1978, alhakin mai mota ya tsaya a 8.33 na kuɗin lissafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato SDR, a kan kowane kilo. Ga mai siminti wannan ya wadatar har da rara, ga mai wayoyin hannu ko kusa. Don haka kafin a ɗora kaya masu tsada ku yi magana da mai su a rubuce kan wanda ke da alhakin yi musu inshora.

Na huɗu inshorar direba da yaron mota. Su ba "wasu" ba ne a idon inshorar farko, ma'aikatanka ne, kuma ƙasashe da dama sun wajabta musu tasu daban.

Mai tsallaka iyaka yana buƙatar ƙari. Turai na da Koren Kati, ƙasashen ECOWAS na da Kati Mai Ruwan Ƙasa, na ƙungiyar COMESA ta gabashi da kudancin Afirka kuma Kati Mai Ruwan Ɗorawa. Dukkansu haƙƙin wasu suke rufewa, ba motarka ko kayanka ba. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful a ƙasashe da yawa, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya. Tsarin kuɗin ne ya bambanta, amma sharuɗɗan biyan diyya da za mu gani a ƙasa suna nan daram.

8. Cika fom da gaskiya, ka faɗi darajar gaskiya

Inshora a kan abin da ka faɗa aka gina ta. Idan ka rubuta kayan masarufi kake ɗauka alhali gas kake dako, ko ka ce cikin gari take aiki alhali tana ƙetare ƙasa, ko ka ɓoye hatsarin bara, za a karɓi kuɗinka da fara'a. Ranar biya sai a aiko mai bincike, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada ka bar wani ya cika maka fom ka sa hannu ba ka karanta ba, abin da ya rubuta kai ka faɗa.

Rage darajar mota don kuɗin inshora ya sauka shi ma tarko ne. Yawancin takardu na ɗauke da sharaɗin biya gwargwado. Motar da ta kai 100 ka rubuta 60, ta yi ɓarnar 30, ba 30 za a ba ka ba, kashi 60 cikin 100 na 30 za a ba ka, wato 18. Ƙara darajar kuma asara ce, domin ba za a biya ka fiye da abin da ta kai a kasuwa ba. Inda farashi ke tashi da sauri, ka sake kimanta ta ko a tsakiyar shekara ne.

9. Karanta shafin abubuwan da ba a biya

Ka fara karatun takardar daga nan, da biro a hannu. Ka nemi adadin da suke kira ekses, wato kason da kai za ka fara ɗauka a kowace asara kafin kamfani ya sa hannu. Idan ka yarda da babba kuɗin shekara zai sauka, amma kada ka yarda da wanda ba za ka iya fitarwa gobe da safe ba. Sau da yawa akwai ƙarin ekses idan direban matashi ne ko sabon lasi.

Lalacewar inji, tsufa da fashewar taya ita kaɗai ba sa cikin abin da ake biya, inshora ba garanti ba ce. Kuɗin da ka rasa a watannin da motar ke wurin gyara ma babu, sai ka saye shi daban. Tarzoma, yajin aiki da ambaliya a wasu takardun sai an ƙara su. Ka duba iyakar kuɗin janwe da na kwashe kayan da suka zube, domin ɗaga tirelar da ta kife aikin ƙugiya ne mai tsada. A inshorar lodi ka duba sharaɗin kwana: wasu ba sa biyan sata idan an bar motar babu kowa ko an kwana a wurin da babu tsaro, wasu kuma sun cire satar da direba ke da hannu a ciki. Idan an sharɗanta na'urar bin diddigi, dole ta kasance tana aiki a ranar, ba a maƙale kawai ba.

Gargaɗi: a wurare da yawa idan ba ka biya kuɗin inshora ba babu kariya, ko da takarda na hannunka. Mai biya kashi-kashi ya kiyaye ranakun.

10. Direba da sikeli

Na taɓa raka wani abokina ofishin inshora bayan motarsa ta kife a kwana. Takardunsa cif, bai taɓa fashin biya ba. Jami'in ya buɗe fayil, ya zaro rahoton 'yan sanda, ya juyo da shi gabanmu ya ɗora yatsa a layi ɗaya. Sunan wanda ke riƙe da sitiyari ba na direban ba ne. Barci ya kama direban da asuba, ya miƙa wa yaronsa, yaron kuma lasin ƙaramar mota gare shi. Abokina ya daɗe yana kallon layin nan, sannan ya ninke takardunsa muka fito. Ko sisi bai samu a kan motar ba.

Ka riƙe kwafin lasin direbanka, ka duba ajinsa da ranar ƙarewarsa, ka kuma gaya masa a rubuce wanda aka yarda ya taɓa sitiyari. Kada ka ɗora masa lokacin da ba zai cika ba sai ya hana idonsa barci. Tarayyar Turai ta tsayar da tuƙi a awa 9 a yini, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, Amurka kuma awa 11. Ko dokar inda kake ba ta kai nan ba, ma'auni ne mai kyau.

Obalodi kuwa garin neman gira ne a rasa ido. Ƙarin tan biyar yana kawo kuɗi yau, ya karɓe su gobe a sifirin, taya, birki da tsagewar shasi. Hukumomi na matsa masa ne saboda ɓarnar titi tana ninkuwa fiye da nauyin: ƙarin kashi 20 cikin 100 a kan aksil yana kusan ninka ɓarnar sau biyu. Idan aka yi hatsari, takardar lodi da tikitin sikeli na cikin abubuwan farko da mai bincike zai nema.

11. Ranar da abin ya faru

A fara da mutane: a kai masu rauni asibiti, a sa alamar gargaɗi a hanya, a kira 'yan sanda. Sannan direba ya ɗauki hotuna kafin a motsa komai, ta kowace kusurwa, da lambobin motoci, da yanayin titi, da kayan. Ya karɓi lambobin shaidu. Kada ya amsa laifi ko ya yi alƙawarin biya a bakin titi, ko da jama'a sun taru a kansa, domin yawancin takardu sun hana hakan ba da yardar kamfani ba.

Kai kuma ka sanar da kamfanin ko dillalinka a ranar, ta waya sannan a rubuce. Wa'adin sanarwa gajere ne, yana cikin takardarka, ka san shi tun yau. Kada a fara gyara kafin mai kimanta ɓarna ya gani, amma ka tsare motar da kayan kada a wawashe, wannan nauyinka ne. Ka haɗa rahoton 'yan sanda, lasin direba, takardun mota, takardar lodi, tikitin sikeli, kiyasin gyara da rasitan janwe a fayil ɗaya, ka ba da kwafi ka riƙe na asali. Tayin farko ba dole ne ka karɓa ba. Idan ka ga an tauye ka, ka nemi dalili a rubuce, ka kawo kiyasin wani gareji, idan ta ƙi ci ka kai ƙorafi hukumar inshora. Kada ka sa hannu a takardar sallama sai ka gamsu da adadin da ke jiki.

12. Sabuntawa

Wata guda kafin wa'adi ya cika ka karɓi takardar tarihinka daga kamfanin, wadda ke nuna ko ka nemi diyya ko ba ka nema ba. Shekarar da ta wuce lafiya tana jawo rangwame a kamfanoni da yawa, kuma da takardar za ka yi ciniki a wani wurin. Saboda haka ƙaramar ɓarnar da ta ɗan ɗara ekses kaɗan, wani lokaci gara ka sanar da su amma ka gyara da kuɗinka. Ka kai musu littafin gyara, bayanan na'urar bin diddigi da shaidar horon direba, suna sassauta farashi. Idan ka canza direba, hanya ko irin kaya a tsakiyar shekara, kada ka jira sabuntawa, ka sanar a makon, a ba ka takardar da ke nuna canjin mai ɗauke da kwanan wata ka haɗa da ta asali.